Kafin Yaro Ya Taɓa Albarushi

Tun da rashin kwanciyar hankali ya fara leƙo iyakar Jihar Kano ta wajen Katsina, zancen bindiga ya shiga bakin mutanen da a da ba su san wani ƙarfe ba sai fartanya da lauje. A majalisun ƙofar gida da rumfunan kasuwa, daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Kunchi zuwa Tsanyawa, samari suna tambayar juna yadda a ke ɗura bindigar toka, waɗansu ma har suna neman sanin yadda a ke sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba, tun da sabo ya yi tsada kuma ba ya samuwa a sauƙaƙe.

Ba mu ga laifin mai tambaya ba. Mutumin da ya kwana da labarin an kore shanu a garin da ke maƙwabtaka da nasa, ko an ɗebe mata da yara, dole ne ya yi tunanin abin da zai kare iyalinsa da shi. Amma a ganinmu masu wannan tambaya sun soma karatu ne daga ƙarshen allo. A sha'anin bindiga albarushi shi ne darasi na ƙarshe. Kafin yaro ya kai gare shi akwai malami, akwai doka, akwai kuma sanin irin ƙasar da ya ke tsaye a kanta. Wanda ya tsallake waɗannan uku ya kama awon albarushi, shi da maƙwabcinsa sun fi kusa da haɗarin bindigarsa bisa ga ɗan fashin da ya ke tsoro. Cika kwanso a gida kuwa, wannan babu ƙofar da mai koyo zai shiga ta cikinta a ƙasar nan, kuma za mu faɗi dalili.

ABU BIYU NE, BA ƊAYA BA

Da farko ya kamata a rarrabe abu biyu da a kan cuɗanya su. Bindigar toka, wadda waɗansu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, ta baki a ke ɗura ta, a danna, a harba sau ɗaya, sa'an nan a sake wani ɗuri. Abincinta baƙin albarushi ne irin na dauri, mai yawan hayaƙi. Bindiga mai harsashi kuwa, irin mai baki ɗaya ko mai baki biyu, karya ta a ke yi a sa mata kwanso wanda masana'anta ta riga ta haɗa, ta auna, ta rufe. Abin da ke cikin kwanson nan wani albarushi ne dabam, marar hayaƙi, wanda asalinsa wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano a shekarar 1884. A idon wanda bai sani ba duk gari ne mai duhu, amma kaɗan daga na biyun yana haifar da matsi a cikin bututu wanda ya fi na farkon nesa ba kusa ba.

Wanda ya gane wannan ya gane ta inda bindiga ke cin amanar mai ita. Bututun bindigar toka sau da yawa daga wani ƙarfe a ke yanko shi wanda tun asali ba don ɗaukar wuta aka yi shi ba, kamar bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota. In aka zuba masa albarushin kwanso, tarwatsewa ya ke yi. In mutum ya mance ya yi ɗuri a kan ɗuri, haka. In bakin bindiga ya taɓa ƙasa laka ta toshe shi, haka. In ragowar wuta ta maƙale a ciki aka zuba sabon albarushi, a fuskar mai zubawa ya ke tashi. Tsatsa kuma tana cin bututu daga ciki, inda ido ba ya gani, har ranar da za ta nuna aikinta. Abin da ke biyo baya sananne ne: yatsu, ko ido, ko muƙamuƙi, ko rai gaba ɗaya. Wanda ya yi sa'a shi ne wanda aka kai Asibitin Ƙashi na Dala ya dawo da rabin hannu, alhali kuwa da hannu biyu a ke riƙe garma.

INDA A KE YINSA DA IZINI

Masu sha'awar abin sukan ce ai a Amurka mutane da yawa suna cika harsashinsu a gida, kuma dokarsu ta yarda. Wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya kawo wannan hujja ya kamata ya kawo ta dukanta. Mai cika harsashi a can ba ya zuba komai da ka. Kamfanonin da ke yin albarushi suna buga littattafan awo, kowane awo kuma an gwada shi da na'urar da ke auna matsin wuta a cikin bututu. Ma'aunin da ya ke amfani da shi giren ya ke aunawa, watau wani ɗan nauyi wanda sai an tara guda 7,000 kafin a sami laba ɗaya. Kuskuren giren kaɗan ya isa ya lalata bindiga da hannun da ke riƙe da ita. Tun shekarar 1926 masana'antun bindiga da harsashi na Amurka suka kafa ƙungiya da ke tsayar da iyakar matsin da kowane irin harsashi zai kai, don ya dace da bindigar da aka yi dominsa.

A Ingila tun shekarar 1813 aka kafa gidan gwajin bututun bindiga a birnin Birmingham. A can a ke ɗura wa bututu abin da ya fi ƙa'ida, a harba shi a ɗakin da ba kowa, in ya jure a buga masa hatimi, kuma laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi. A Jamus kuwa, kafin a bar mutum ya sayi albarushi don cika kwanso, sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, hukuma ta binciki halinsa ta ba shi takarda. Ashe ke nan tukunyarsu a kan duwatsu uku ta ke zaune: ƙarfen da aka gwada, awon da aka tabbatar, da dokar da ta san sunan mai yi. Yaron da ke zaune a zaure a Makoɗa da tsohon kwanso, da garin da ya saya a ƙulle cikin leda bai san irinsa ba, yana awo da murfin kwalba, ba shi da ko dutse ɗaya daga cikin ukun. Kwaikwayon Amurka a irin wannan hali ganin kitse ne a ke wa rogo.

KAKANNINMU BA SU YI SAKE BA

Kada wani ya ɗauka taka-tsantsan da albarushi baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Bindiga ta daɗe a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye rundunar 'yan bindiga a fada. A Barno tun cikin ƙarni na 16 Mai Idris Alooma ya samo Turkawa masana bindiga suka horar da mutanensa. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa ana yin albarushi ana kuma zubin igwa a birnin Zinder cikin ƙarni na 19, kuma mutanen arewacin Kano sun ɗanɗana ƙarfin wannan shiri a ƙarshen ƙarnin, lokacin da Damagarawa suka gwabza da rundunar Sarki Alu a Gezawa da Tattarawa.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, bindigar yaƙi da albarushinta a hannun waɗansu sanannun mutane su ke, waɗanda ke da shugaba, aka horar da su, kuma a ke iya kiransu su amsa tambaya. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ya ga ragowar wannan tsari a wajen 'yan bindigar Sarki, waɗanda ke cika fili da ƙara da hayaƙi a tsakiyar dubban jama'a, da albarushi zalla ba tare da darma ba, kowa kuma ya san wurin tsayuwarsa da lokacin harbinsa.

Maharba ma haka su ke. Ba banza ba har yau shugabansu a ke kira Sarkin Baka, ko da ya ke bindiga ta maye gurbin baka da kibiya. A tsarinsu yaro ya kan daɗe yana bin ubangidansa yana ɗaukar jaka da gora, yana koyon sawu da iska da haƙuri, kafin a yarda ya riƙe makami. Kafin a koya masa harbi an riga an koya masa lokacin da ba a harbi. Addininmu ma ya riga kowa: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo. In haka aka tsananta a kan kibiya, ina ga albarushi?

ABIN DA DOKA TA CE

Da yawa daga cikin samarinmu ba su taɓa jin abin da Dokar Bindigogi ta 1959 ta ƙunsa ba, alhali kuwa rashin sani ba ya fid da mutum a gaban alƙali. Dokar ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko su ne na yaƙi da makamantansu, waɗanda ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne irin na farauta masu harsashi, kamar mai baki biyu, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Na uku su ne waɗanda a ke ɗurawa ta baki, irin bindigar toka, waɗanda dokar ta ba hukumar jiha ikon hana riƙe su sai da lasin. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda shaye-shaye ya rinjaya, ko wanda aka hukunta kan laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Game da harsashi kuwa, dokar ba ta bar wurin musu ba. Ba a yarda mutum ya mallaki harsashi ba sai na bindigar da ya ke da lasin ɗinta. Ta kuma hana ƙerawa ko harhaɗa bindiga ko harsashi a ko'ina sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko ta soja, hukuncin wanda ya karya wannan kuwa ɗauri ne da ba ya kasa shekara 10. To, mutumin da ya ɗauko tsohon kwanso ya sake cika shi, me ya yi in ba harhaɗa harsashi ba? Ƙofa ɗaya da dokar ta bari a buɗe ita ce ta bindigar toka, gama ta yarda Sufeto-Janar, da yardar gwamna, ya ba maƙeri takardar iznin ƙera ta da gyara ta. Saboda haka duk wanda ya ce zai koya wa yaro cika kwanso, hanyar gidan yari ya ke nuna masa, ko da bindigar ba ta fashe ba.

ƘASAR DA BA TA DA DAJI

A bar maganar doka, a dubi ƙasar kanta. Karkarar da ta kewaye birnin Kano, wadda ta miƙa ta Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta, tana cikin wuraren da jama'a suka fi cika a duk karkarar Afirka ta Yamma. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi bincike a kanta tun cikin shekarun 1960, ya tarar mafi yawan ƙasar ana noma ta kowace shekara ba hutu, da ƙarfin taki da toka da kashin dabbobi. Yau jama'a sun ninka na wancan lokaci. Gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, abin da ya raba su sai burtali ko jerin itatuwan gawo da ɗorawa da kuka.

A irin wannan wuri ina harsashi zai je in ya kuskure abin da aka nufa? Ƙananan ƙwayoyin darma da a ke harbin tsuntsu da su suna iya tafiyar yadi 200 zuwa 300 kafin su faɗi, dunƙulalliya kuwa ta fi haka nisa. Mai karatu ya tsaya a kowace gona a yankin nan ya auna yadi 300 ta kowace fuska, ya ga ko ba zai tarar da yarinya mai tsinkar ganye ba, ko yaro mai kiwon awaki, ko tsohuwa mai roron gyaɗa. Da damina kuwa, in dawa da gero suka rufe mutum, motsi kawai a ke ji, kuma mai koyo bai san bambancin motsin zomo da na ɗan Adam ba. Manyan namun daji irin su gwanki da ɓauna da barewa sun daɗe da barin yankin. Abin da ya rage sai zomo da gafiya da kurege da makwarwa da kurciya, kuma babu ɗayansu da namansa ya kai diyyar ido guda.

Sa'an nan akwai wuta. Gidajenmu na karkara da kara a ke kewaye su, rufin ɗakuna da yawa ciyawa ne, ga rumbu, ga tarin harawa a kan bishiya ko a kan soro. Da hunturu, lokacin da komai ya bushe iska kuma ke kaɗawa, tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa. Albarushin da aka ɓoye a ƙarƙashin gado, a ɗakin da a ke kunna fitilar kananzir, a ke shigo da kaskon wuta don jin ɗumi, yara kuma ke shiga suna fita, ba ajiyar mutum ɗaya ba ce. Dukan gidan ne ke kwana a kansa ba da saninsu ba.

Akwai kuma wata cuta da ba ta ƙara ba ta hayaƙi, watau gubar darma. Masu haɗa abin harbi a gida sukan narka darma, sau da yawa daga tsohon batirin mota, a tsakar gidan da a ke daka a ke girki. Bai kamata a ce sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani a kan wannan ba. A shekarar 2010 gubar darma da ke cikin duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, ta bar waɗansu da dama da naƙasar ƙwaƙwalwa. Darma ɗaya ce, ko daga dutse ta fito ko daga batir. Ƙurarta tana zama a ƙasar da jariri ke rarrafe, ba ta kuma da wari da za a gane ta. Ƙasashen da suka fi mu kayan gwaji sun fara ja da baya daga gare ta: Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da darma tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023.

MAGANAR TSARON KAI

Mun san abin da za a ce. Za a ce duk wannan zance ne na wanda ke kwana a birni, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. A shekarar 2025 'yan fashin daji sun taɓa ƙauyuka a Shanono da Tsanyawa, kuma mutanen wurin sun ga abin da ya sami Katsina da Zamfara. Har shugabanni sun taɓa faɗar irin wannan magana: a watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, sai babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma hukumar 'yan sanda ta ba da sanarwar ta dakatar da ba da lasin na ƙananan bindigogi. Talaka ya tsaya tsakani: wannan ya ce nemi, wancan ya ce ba a bayarwa.

Wannan kuka ne mai tushe, kuma gwamnati ce ya kamata ta amsa shi. Amma amsarsa ba ta cikin kwanson da aka cika a zaure. Ɗan fashi da bindigar yaƙi ya ke zuwa, mai zuba harsashi 30 kafin a canja mata gida. Wanda ya tare shi da harsashin da bai tabbata zai tashi ba, ko da bindigar da sai an sake ɗura ta bayan harbi guda, ya sa kansa a gaba ne ba tare da kariya ba. Abin da ya kan tsirar da gari shi ne tsari: labari ya isa da wuri, a san wa zai kira wa, a san inda mata da yara za su nufa, jami'an tsaro kuma su zo a kan kari. Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba 2023, Zamfara ta kafa Askarawanta a Janairu 2024. Ko mene ne a ke faɗa game da aikinsu, aƙalla mutanensu suna da suna a rajista, da shugaba, da horo, da wanda za a kai wa ƙara.

Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris 2025 ya isa ishara. Mafarauta 16, yawancinsu 'yan Jihar Kano, suna kan hanyar dawowa gida yin Sallah, 'yan banga suka tare motarsu, aka ga bindigogin toka, sai taron jama'a ya kashe su. Babu wani uzuri ga wannan ta'asa, kuma alhakinta na wuyan waɗanda suka aikata ta. Amma ta nuna mana ciwo biyu a lokaci guda. Ga abin da mutanen da suka ɗauki tsaro a hannunsu ba horo ke iya aikatawa. Ga kuma halin da maharbi na gaskiya ke ciki a ƙasar da ba ta da rajista guda da kowa ya sani ya yarda da ita, wadda za ta bambanta shi da ɗan fashi a idon baƙo. Kowace bindiga da aka ƙara a ɓoye, ƙarin zargi ce a kan maharban da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga saurayin da zuciyarsa ta kwanta da wannan sana'a, shawararmu ita ce kada albarushi ya zama abin da zai fara saya. Ya fara da sanar da mahaifinsa da mai unguwarsa. Ya je wajen Sarkin Baka na yankinsa ya nemi a haɗa shi da maharbin da aka san shi da natsuwa, ya yarda ya ɗauki jaka har sai an ce ya isa. Ya je ofishin 'yan sanda ya tambayi abin da doka ke nema game da bindigar toka, ya bi. Ya saba da ɗaukar kowace bindiga a kan cewa a ɗure ta ke, bakinta kuma kada ya taɓa fuskantar mutum. Kada ya yi harbi a kan motsi ko ƙara sai ya ga abin da idonsa, ya kuma ga abin da ke bayansa. Tsohon kwanso kuwa, ya bar shi inda ya gan shi. Wanda ya ce masa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya amsa masa da cewa an umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, nauyi ne a kansu su san kowace bindiga da ke ƙasarsu da sunan mai ita. Su haɗa kai da shugabannin maharba a tsayar da ƙa'ida: ba harbi kusa da gidaje, ba harbi a gona kafin a kawar da amfani, ba harbin biki ko na murna a cikin taro. Sarkin Maƙera ma yana da tasa rawar, gama ya san wanda ke ƙira da gaskiya da wanda ke yanka bututun ruwa ya sayar wa yara.

Ga gwamnati kuwa, rufe ƙofa ba ya hana shiga, sai dai ya koya wa mutane tsallake katanga. Tun da doka ta riga ta yarda a ba maƙeri izni, a yi amfani da wannan dama: a yi wa maƙeran bindigar toka rajista, a sa lamba a kan kowace bindiga, a kuma samar da wurin gwajin bututu kafin a sayar. Ilmin wannan aiki ba sai an je Birmingham ba, gama masana'antar kayan yaƙi ta ƙasa tana Kaduna tun 1964. A sa sayar da baƙin albarushi a hannun 'yan kasuwa masu izni, waɗanda za su rubuta wa suka sayar wa da kuma nawa. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021 ta sauko ƙauye ta zauna da maharba, gidajen rediyo kuma su bayyana dokar da Hausa yadda manomi zai gane. Sama da duka, a kai jami'an tsaro isassu garuruwan iyaka, domin ranar da manomi ya tabbata in ya yi kira za a amsa, ranar zai mai da hankalinsa kan taki da iri.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yau abin yana matsayin tambaya a bakin samari, kuma tambaya ana iya amsa ta da hankali. In aka yi shiru har ta zama sana'ar ɓoye a kowane zaure, to, sai a wayi gari ana jinyar raunukan da babu ɗan fashin da ya yi su. Iyaye da sarakuna da malamai da hukuma, kowa ya kama inda ya ke iyawa tun da sauran lokaci. Allah Ya tsare mana garuruwanmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.